Layi Biyu, Suna Ɗaya

Direba ya riga mai shara isowa. Da Takwara ya ɗaga murfin tagar karɓar marasa lafiya, sai ya ga Direba a benci na farko, hula a kan gwiwa, kai a karkace irin na mai kallo da ido ɗaya.

"Ranka ya daɗe, mai taga. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya mutanen gida?"

"Mutanen gida sun gaji da ni. Matata ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganina da rana tsaka ba sai bana, kuma abin da ta gani bai burge ta ba." Ya taso ya dafa katakon taga. "To? Akwai wanda ya fasa?"

"Babu."

"Wanda ya yi tafiya fa?"

"Babu."

"Ko wanda ya warke da kansa? Ko wanda ya mutu ma, Allah na tuba?"

Takwara ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya kunna kwamfuta. Ya daɗe a can, fiye da abin da danna maɓalli ke ci.

Asibitin ido ne, ƙarami. Ana gwada ido, ana ba da tabarau da maganin ɗigawa. Tiyata kuwa sai baƙon likita ya zo daga babban asibiti. Yakan yini yana cire yana daga idanun waɗanda aka tsara masa, ya tafi, sai kuma bayan watanni. Yau kafin a tashi aiki Sista, shugabar ma'aikatan jinya, za ta tura masa sunayen, don ya san kayan da zai taho da su. Da zarar ta tura, bakin alƙalami ya bushe.

Direba ya zo a makare, ya tarar guraben sun cika. Shi ne na farko cikin masu jiran wani ya fasa. Kamfanin da yake wa tuƙin bas ya karɓe makulli. An ce ya gyaro idon dama ya dawo da takardar likita kafin wata mai kamawa ya ƙare, in ba haka ba a ba wani motar. Zuwan likita na gaba kuwa ya wuce wannan wa'adin nesa ba kusa ba. Shi ya sa kullum yake sammako. Ya yi tambayarsa, ya zauna ya ba mutanen benci dariya, ya tafi.

Akwai gurbi. Takwara ya san da shi.

Kwamfutar ta gama farkawa. Ya buɗe manhajar asibiti, ya shiga sunayen ranar tiyata, ya gangara. Ga su nan, ɗaya a kan ɗaya. Suna iri ɗaya, lambar waya iri ɗaya, adireshi iri ɗaya. A gidan da ake rubuta ido: hagu, hagu.

Sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, sunan gidansu kuma ɗaya ne. Tsohon ne ya fara kiransa Takwara, sunan ya bi shi makaranta, ya biyo shi wurin aiki. Kaka bai taɓa riƙe waya ba, ya ce duk mai nemansa ya san ƙofar gida, don haka lambar jikan ake ba kowa. Ranar da Takwara ya kawo shi gwaji, likita ta gama da tsohon ta ce da shi, kai ma zauna, wannan idon naka na daɗe ina kallonsa ta taga. Tun wata ƙwallo da ta same shi a firamare hagun ke yin hazo, yana ƙaruwa a hankali. Ta haska, ta ce yana ce, ta kai a cire. Aka rubuta su rana ɗaya. Abokiyar aikinsa ce ta shigar da sunayen, ita kuwa ta daɗe da barin aiki.

A hanyar gida Kaka ya ce, "Ka kwashe mini suna na yi shiru. Yanzu har idon sai ka kwaikwaya? Saura me, sandata?"

Bai kai ranar ba. Zazzaɓi ne, na 'yan kwanaki.

Wajen hantsi Sista ta leƙo da takarda a hannu. Mace ce mai jiki, mai tafiya a hankali, tabarau rataye da igiya a wuya.

"Takwara, zo."

Ya bi ta ofis. Ta rufe ƙofa, abin da ba ta cika yi ba.

"Sunan marigayi na gani har yanzu."

"E."

"Na zaci ka cire tun da ka dawo daga makoki."

"Manhajar ba ta bari, Sista. In na danna Gyara, duka biyun za ta canza. In na danna Goge, duka biyun za su tafi. Rajistar ranar kuma a rufe take, ba ta karɓar sabon suna."

Ba ƙarya ya yi ba. An taɓa rubuta wata mata sau biyu bisa kuskure, aka je cire ɗaya, sai matar ta ɓace gaba ɗaya kamar ba ta taɓa taka asibitin ba.

"Ka faɗa wa Injiniya?"

Ya dubi kalandar bango.

"Takwara."

"Ban faɗa ba."

Ta cire tabarau ta sake shi ya faɗo ƙirjinta. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Bawan Allahn nan kullum yana kan bencinmu. Ka sani."

"Na sani."

"Ni ma na binne uwa. Rigarta tana cikin akwatina har gobe. Amma riga ba ta tare wa kowa hanya." Ta jawo wayar tebur. "Je ka bakin aikinka."

Da tsakar rana Injiniya ta iso a kan babur ɗinta, hular kwano a hannu, jaka a baya, cingam a baki. Ita ke kula da manhajar asibitin da ta wasu wurare da dama. Kullum a guje take.

"Ƙanena, ku sai ranar tafiya kuke fafe gora? Matsa in gani."

Ta jawo kujera, ta buɗe laftof kusa da kwamfutarsa. Ta dubi layukan biyu, ta daina tauna cingam. Ita ma ta je gaisuwa.

"Allah ya jiƙan tsoho."

"Amin."

"Wanda ya gina rumbun bayanan nan kuma Allah ya shirye shi. Da ya ba kowane layi lambarsa ta daban, da yanzu ina gida ina cin abinci." Ta fara bugawa. "Zan saka lambobin ƙarshen mako, in babu kowa. Yau ba zai yiwu ba, duk teburan asibitin nan sun saba da shi a haka, in na taɓa siffarsa yanzu kowa zai tsaya. Sai dai mu bi ta wata ƙofa."

Sunayen ba a cikin kwamfutarsa suke ba, wannan ya sani. Suna cikin rumbun bayanai, a wata baƙar na'ura da ke gurnani a ɗan ɗakin kusa da sito. Kowane tebur aike yake yi can, ta manhaja, a dawo masa da amsa.

"Ka san matsalar manhajarku?" in ji ta, idonta a kan aiki. "Daga bakin ƙofa take tsayawa ta kwala kira. Mai suna kaza, mai lamba kaza, fito. Duk wanda ya ji sunansa sai ya taso. In mutum biyu ne, su biyun za su taso, ita kuma ba ta da ido, sai ta yi musu aski iri ɗaya. Ka sa Direba a haka, ya samu gurbi biyu, kai ka tashi a tutar babu."

"To yaya?"

"Zan sa ta shiga ciki. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bin layi da yatsa. Manuni muke ce masa. Za ka buɗe shi daga nan teburinka, ya miƙo maka layi ɗaya, ya tsaya a kansa. In ka ce gyara, wanda yake tsaye a kai kawai zai gyara. In ka ce goge, haka. Ba ruwansa da suna. Inda yake tsaye kawai ya sani."

Ta daɗe tana bugawa. Takwara ya karɓi katin mutum uku ko huɗu, ya tura su ɗakin gwaji. Direba bai tafi ba yau. Ya san ranar ƙarshe ce. Yana ba wani mai ɗaurin ido labarin fasinjan da ya taɓa shigo masa bas da akuya a cikin bargo, ya ce jaririya ce ba ta da lafiya.

"Zo ka gani," in ji Injiniya.

Sabuwar taga ce ƙarama a fuskar kwamfutarsa. Layi ɗaya kawai take nunawa. A ƙasa: Na baya, Na gaba, Gyara wannan, Goge wannan, Tabbatar.

"Da gangan na sa ɗaya-ɗaya. Abin da idonka ke gani, a kansa manunin yake. Kar wata rana ka zaci kana nan, shi kuma yana can."

Ta buɗe rajistar wata rana da babu kowa a cikinta, ta rubuta Gwaji sau biyu, komai iri ɗaya. Ta buɗe manunin, ya tsaya a kan ɗaya. Goge wannan. Tabbatar. Ta koma babbar taga. Gwaji ɗaya ya rage, shi kaɗai.

"Ka gani? Yanzu saurara, wannan ya fi komai. Muddin manunin na tsaye a kan layi, layin a kulle yake, don kar wani ya canza shi ta bayanka. Rumbun nan kuma tsoho ne, ba ya kulle ɗaya, har maƙwabta yake haɗawa. Duk wanda ya nemi taɓa sunayen ranar nan, sai ya jira ka. Don haka ka shiga, ka yi abin da ya kai ka, ka danna Tabbatar, ka fito. Ba majalisa ba ce."

"Na ji."

Ta fara naɗe igiyar caja.

"Yaya," ya ce. Bai saba kiranta haka ba. "Wanne ne nasa?"

"Wa?"

"Cikin biyun. Wanne ne na Kaka?"

Ta ajiye igiyar.

"Ban sani ba."

"Na sama ba shi aka fara rubutawa ba?"

"Ba dole ba. Ka tuna lokacin da na'urar ta ƙone, na kwashe komai na mayar? Tun daga nan ba wanda zai rantse maka. Yadda ya ga dama yake miƙo su. Ko da ma na sama ne na farko, ka san wa yarinyar nan ta fara rubutawa?"

"A'a."

"To. A wurin rumbu babu na Kaka babu naka. Wanda ka tsaya a kai, shi ne." Ta dube shi. "In yi maka?"

"Bari."

"Ba wani abu ba ne. Ka juya baya kawai."

"Bari, Yaya. Teburina ne."

Mai ba da magani ya leƙo ya ce firintarsa ta cinye takarda tun jiya, tunda Allah ya kawo Injiniya. Ta tashi tana mita, ta ce asibitin nan ko fanka ce ta tsaya ita za a kira. Ta bi shi.

Benci ya ɗan yi sauƙi. Takwara ya buɗe ƙaramar tagar, ya rubuta sunan. Manunin ya miƙo layi.

Sunansa ne. Sunan Kaka ne. Ya danna Na gaba. Fuskar kwamfutar ta ɗan ƙifta, ta dawo da abin da ta ɗauke. In ba don ƙiftawar ba, ba zai san an motsa ba. Ya danna Na baya. Ta sake ƙiftawa.

A gida an riga an gama. Mahaifiyarsa ta raba tufafin, baffansa ya ɗauki rediyon, ƙanwarsa ta share ɗakin ta shigar da katifarta da madubi. Ba wanda ya yi laifi. Ɗaki ba ya zama haka nan a gidan da mutane suka yi yawa. Ko warin man zafin da tsohon ke shafawa a gwiwa ya bar labule. Nan ne kaɗai, cikin baƙar na'urar kusa da sito, har yanzu ake sa ran Kaka. An ware masa gado. An ce ya zo da safe, kar ya ci komai. Kullum Takwara in ya kunna kwamfuta yakan gangara ya duba, ya ga ana nan ana jira, sannan ya fara aiki.

Na gaba.

Kaka ya sha lissafa abin da zai yi in an buɗe masa ido. Zai yi wa kansa aski ba tare da ya yanke kunne ba. Zai karanta jarida da kansa, don ya gane jikokin nan suna tsallake masa labarai in sun gaji. "Kai kuma zan ƙare maka kallo. In na ga mummuna ne, in karɓe sunana in ba wani."

Na baya.

Wani tunani ya zo masa, mara daɗi. In ya taɓa ba daidai ba fa? Ya ba Direba nasa, shi kuma ya kwanta a gadon da aka ware wa matacce. Ya san shirme ne. Injiniya ta faɗa, babu na Kaka babu nasa. Amma sani daban, hannu daban. Hannun ya ƙi.

Na gaba. Na baya.

"Takwara!" Muryar ma'aikaciyar ɗakin awo ce, daga ƙarshen baranda. A makon ƙarshe ake auna idon duk wanda za a yi wa tiyata, a shigar da awon kusa da sunansa. "Taka tana aiki? Tawa ta tsaya, sai juyawa take!"

Ya sake danna Na gaba.

Ƙofar Sista ta buɗe. "Ni ma tawa ta daskare. Netwok ne?"

"Kullum netwok," in ji wani daga benci. "Da can da biro ake rubutawa, wa ya taɓa jin biro ya daskare?"

"Biro yana ƙarewa, Alhaji."

"In ya ƙare a ari na maƙwabci!"

Mutane suka fara taruwa a bakin ɗakin awo. Wata matashiya ta zo taga, goyo a baya, ranta a ɓace.

"Malam, don Allah. An ɗiga wa mahaifiyata maganin buɗe ido tun ɗazu, an auna ɗaya, an ce sai na'ura ta karɓa kafin a yi ɗayan. Yanzu ana cewa in maganin ya sake sai an sake ɗigawa. Tsohuwa ce, tun safe ba ta ci komai ba. Daga nesa muka zo."

"Yi haƙuri, 'yata," in ji Direba daga inda yake zaune. "Yaron nan ba shi ya ƙera ta ba. Na'ura kamar mota ce, in ta ga dama a tsakiyar gada za ta mutu maka. Ku bar shi ya ji da abin da ke gabansa."

Takwara ya ji maganar. Bai ɗago ba.

Injiniya ta dawo da baƙin tawada a yatsu. Ta buɗe laftof a tsaye, ta duba wani abu, ta rufe. Ba ta ce wa Sista komai ba. Ta zagayo ta sunkuya kusa da kunnensa, kamar mai duba igiya.

"Kai ne ke riƙe da su."

"Na sani."

"Ɗakin awo na jiranka. Sista na jiran ɗakin awo. Har mai magani ya shiga layi." Ta yi ƙasa da murya. "Zan iya yanke ka daga nan. Kullen ya saki, komai ya koma yadda yake, ba abin da zai canza. Amma in na yanke, sai ka sake shiga. Ko yanzu, ko anjima, kafin a tashi."

"Kar ki yanke."

"To ina tsaye."

Ya dubi ƙaramar tagar. Ya nemi tuna wanne ya danna a ƙarshe, Na gaba ko Na baya. Ya kasa. Ya yi ta kai da komo har lissafin ya kuɓuce. Layi ne kawai a gabansa, da sunan, da 'yar sandar rubutu tana ƙiftawa. Abin mamaki, sai ya ji ƙirjinsa ya ɗan saki. Tun safe yake neman ya sani. Yanzu da ba sauran hanyar sani, babu kuma abin jira.

"Baba Direba."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Kawo katinka."

Direba ya taso da sauri har hular ta faɗi. Ya laluba aljihun gaba, na gefe, ya fito da katin a cikin leda, ya tura ta taga. Bai yi tambaya ba, kamar mai tsoron kar magana ta kori abin.

Gyara wannan.

Sunan ya yi shuɗi gaba ɗayansa. Takwara ya buga harafin farko na sunan Direba, tsohon sunan ya tafi lokaci guda. Ya zaci a hankali zai tafi. Ya ƙarasa. Ya canza lambar waya, ya canza adireshi. A gidan ido ya goge hagu ya sa dama. Ya karanta daga kati, ya karanta daga kwamfuta, harafi da harafi.

Tabbatar.

Can cikin ofis firintar Sista ta yi tari ta fara aiki. "Ta dawo!" in ji ma'aikaciyar ɗakin awo. Matashiyar mai goyo ta juya da gudu. Alhajin benci ya ce ai dama ya faɗa, netwok ne.

Injiniya ta dafa kafaɗarsa sau ɗaya, ta ɗauki hular kwanonta.

"Rufe ƙaramar tagar in ka gama. Sai ƙarshen mako."

Ya rufe. A babbar taga sunan Direba na nan, sunansu kuma na nan, sau ɗaya.

Ya buga takardar shiri ya miƙa. "Ka zo da safe, kar ka ci komai. Ka zo da wanda zai mai da kai gida."

Direba ya kai takardar kusa da idonsa mai kyau, ya nisanta ta, ya sake kusantowa.

"Ɗana, da gaske?"

"Da gaske."

"Alhamdu lillahi. Kai, alhamdu lillahi." Ya naɗe takardar, ya warware, ya sake naɗewa. "Wane bawan Allah ne ya fasa? In san wanda zan yi wa addu'a."

"Kakana ne."

"Kakanka? Ya samu wani wuri ne?"

"Ya rasu."

Direba ya tsaya da takardar a hannu. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa daga ƙasa, ya kaɗe ta, bai sa ba.

"Yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

Takwara ya jira tambayar da ke biye. Kwana biyu, ni kuma ina nan ina zarya? Ya ga ta zo wa Direba, ya ga ta tsaya masa a maƙogwaro. Direba ya haɗiye ta.

"Allah ya jiƙansa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta."

"Amin."

"Shi ya rene ka?"

"Kusan haka."

"An gani."

Sista ta fito da sabuwar takarda, tana bin ta da biro. "Mutum biyu suka rage ba a yi wa awo ba, kuma ba zan tura sunaye babu awo ba. Baba, wuce ɗakin can. Takwara, kai ma."

"Taga fa, Sista?"

"Na iya karɓar kati tun ba a haife ka ba. Tashi."

Ya tashi. Ya fita ta ƙaramar ƙofa ya zagayo ɓangaren benci. Bai taɓa lura ba, daga nan tagar ƙarama ce ƙwarai, wanda ke ciki kai da kafaɗa kawai ake gani.

Direba ya karkato ya dube shi. "Au, kai ma?"

"Hagu."

"Ikon Allah. Ina ta ce maka ranka ya daɗe, ashe ɗan'uwana ne a makanta."

Suka zauna a bakin ɗakin awo. Ma'aikaciyar ta fito da kwalba, ta ɗaga haɓar Direba ta ɗiga, ta ɗaga ta Takwara ta ɗiga. Da zafi. Ta ce su rufe ido su jira a kira su.

Suka rufe. Hawayen magani ya gangaro wa Takwara, wani kuma ya biyo bayansa wanda ba na magani ba. Ba wanda zai bambance. Ya bar su.

"Wa zai mai da kai gida ranar?" in ji Direba, ido a rufe.

Takwara bai taɓa tunanin wannan ba. Mahaifiyarsa ba ta barin shago da safe. Ƙanwarsa na makaranta.

"Zan hau bas."

"Da ido ɗaya a ɗaure? Ka san direbobin bas kuwa? Ni na san su, 'yan iska ne, ba za su jira ka sauka ba. 'Yata za ta zo da motar mijinta. Sai mu sauke ka."

"Kar in ɗora muku wahala, Baba."

"Wahalar tana wurinka. Ni na koya mata tuƙi, kuma ba ta jin magana. Ka dai zo da addu'arka." Ya gyara zama, benci ya yi ƙara. "Gidanku ta ina?"

"Ka san gidan man da ke bayan tsohuwar tasha?"

"Wa za ka tambaya."

"In ka wuce shi, kwana ta biyu a dama. Akwai mai walda a bakin layin."

"Dakata. Hanyar da ke da ramin nan a tsakiya?"

"Ita."

"Har yanzu ba a cike shi ba? Ramin nan ya taɓa cinye mini taya sabuwa fil." Direba ya yi tsaki. "To ba ta nan za mu bi ba. Akwai wata hanya ta bayan makaranta, ta fi nisa kaɗan amma lafiyayya ce. Ka bar mini wannan."